Ƙaramin jirgi mai inji biyu bai dace da masu dirowa da lema ba

A tsakanin masu wasan dirowa daga jirgin sama da lema, musamman ƙananan ƙungiyoyin da suke burin mallakar jirgin kansu, akwai wata tambaya da ba ta tsufa. Ga tsofaffin ƙananan jirage masu inji biyu sun cika kasuwa a Amurka da Turai, irin su Piper Aztec da Seneca da Navajo, da Cessna 310, da Beechcraft Baron. Sau da yawa farashinsu bai kai na mai inji ɗaya mai lafiya ba. To me zai hana a sayi ɗaya, a kwance kujeru, a cire ƙofa, a fara ɗaukar mutane? Hujjar da ake kawowa tana da daɗin ji: in inji ɗaya ya mutu, ai ga ɗan'uwansa nan.

Ni a ganina kallon kitse ake yi wa rogo. Ƙaramin jirgi mai injin fistan guda biyu, wanda aka ƙera don ya ɗauki mutum huɗu ko shida a zaune su yi doguwar tafiya, bai dace da wannan aiki ba, kuma bai kamata wata hukuma ta bari a yi kasuwanci da shi a haka ba don kawai takardunsa sun cika.

Sai an san irin wahalar da jirgin masu lema yake sha kafin a fahimci dalili. Yana tashi ne cike maƙil, domin kowane gurbi kuɗi ne. Mutane suna zaune a ƙasan jirgi, wani a tsakanin ƙafafun wani, kowa da jakar lema biyu a bayansa, babba da ta ko-ta-kwana. Daga tashi sai hawa da dukkan ƙarfin inji har zuwa mita 3,000 ko 4,000. A can matuƙi zai rage gudu sosai, a buɗe ƙofa, mutane su taso su yi cincirindo a wuri guda, wasu ma su fita su maƙale a jikin jirgin daga waje suna jiran sauran. Cikin daƙiƙu kaɗan jirgi ya zama fanko, sai ya kifa kai ya sauko da sauri don ya kwashi wani rukunin. Haka za a yi ta yi daga safe har faɗuwar rana. Jirgin ɗan kasuwa kuwa yana tashi sau ɗaya, ya miƙe na awa uku, ya sauka sau ɗaya, kowa na ɗaure a kujerarsa. Wanda ya zana Baron ko Seneca wannan tafiyar ce a ransa.

Shi kansa inji na biyu, me aka sa shi ya yi? An sa shi ne don matafiyin da ya yi nisa a saman teku, ko cikin dare, ko cikin gajimare, ko a kan tsaunuka, inda mutuwar inji ɗaya tilo take nufin babu wurin sauka. Masu lema ba sa shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan a aikinsu na yau da kullum. Da rana suke tashi, sai gari ya yi garau, kuma jirgin yana kewaye ne a saman filin da ya tashi. Idan inji ya tsaya bayan an haura 'yan ɗaruruwan mita, kowa na da lema a baya, a ƙananan jirage har matuƙin ma yana goye da tasa. Za a buɗe ƙofa su fice, jirgi ya yi sauƙi, matuƙi ya lallaɓa ya sauko da shi kan titin da yake gani a ƙarƙashinsa. A wannan matakin mai inji ɗaya bai rasa komai ba.

Haɗarin gaske yana cikin minti na farko, daga barin ƙasa zuwa lokacin da aka kai tsayin da lema za ta iya buɗewa. A nan babu wanda zai iya dirowa. Kuma a nan ne, daidai inda ake buƙatarsa, inji na biyun ƙaramin jirgi yake gazawa.

Mutane suna ɗauka cewa in inji ɗaya ya mutu an rasa rabin ƙarfin hawa. Lissafin ba haka yake ba. Jirgi yana hawa ne da rarar ƙarfin da ta saura bayan ya biya abin da yake buƙata don tsayawa a iska. A ɗauki misali: injuna biyu, kowanne mai ƙarfin doki 200, jimla 400. A ce jirgin yana buƙatar 170 don kada ya gangara. Rarar 230 ce take ɗaga shi sama. Inji ɗaya ya tsaya, saura 200, a cire 170, rara ta koma 30. Littafin koyar da tuƙi na hukumar jiragen saman Amurka, FAA, ya faɗi wannan ƙarara, cewa abin da ake rasawa na ƙarfin hawa yana kai kashi 80 cikin 100 ko fiye. Wannan kuma idan jirgi na da lafiya, matuƙi bai yi kuskure ko ɗaya ba, kuma ƙofa na rufe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsohuwar ƙa'idar da aka ba wa yawancin waɗannan jirage shaida da ita. A ƙarƙashinta, mai inji biyu da nauyinsa bai wuce fam 6,000 ba, wato kimanin kilo 2,700, kuma yake iya tafiya a hankali ƙasa da wani mizani, ba a wajabta masa ya iya hawa da inji ɗaya ba sam. Abin da aka nema kawai a auna a rubuta, ko da sakamakon ya nuna gangarowa yake yi. Mai biyan kuɗi ya hau bai san wannan ba. Yana ganin farfela biyu ne hankalinsa ya kwanta.

Ba a nan matsalar ta tsaya ba. Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san cewa in sa ɗaya ya durƙusa a tsakiyar kunya, ɗayan ba ya ci gaba da rabin aikin, jan garmar yake yi ya karkata ta wajen wanda ya faɗi. Haka jirgi yake yi. Injin da ke raye yana tura fiffikensa gaba, mataccen kuma farfelarsa na juyawa da iska tana riƙe nasa fiffiken baya, sai hancin jirgi ya juya da ƙarfi wajen mataccen. Matuƙi zai danne wannan da ƙafarsa, ta hanyar karkata allon da ke jelar jirgi, amma allon yana aiki ne da ƙarfin iskar da ke bi ta kansa. Akwai wani gudu, an yi masa jan layi a agogon gudun jirgi, wanda in an faɗo ƙasa da shi allon ba ya iya riƙewa, sai jirgi ya mirgina ya kifa. A cikin daƙiƙun nan matuƙi zai sunkuyar da hanci don kada gudu ya zube, alhali ga itatuwa a gabansa, ya gane wane injin ne ya mutu, ya tabbatar, ya miƙar da fuka-fukan farfelarsa su daina tare iska, ya naɗe tayoyi. Duk wannan a tsayin da bai fi na dogon bene ba, da mutum goma a bayansa.

A ranar 22 ga Afrilun 1992, a Perris da ke jihar Kalifoniya, wani jirgi mai inji biyu samfurin Twin Otter ya tashi da mutum 22. Injin dama ya rasa ƙarfi saboda man da aka zuba masa ya gauraya da ruwa. Matuƙin, cikin ruɗewa, sai ya kashe farfelar hagu, mai lafiyar. Mutum 16 suka mutu. Binciken NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ya kuma gano cewa jirgin ya ɗauki fiye da nauyin da aka yarje masa. A lura, Twin Otter jirgi ne mai ƙarfi wanda yake iya hawa da inji ɗaya in an bi ƙa'ida. A Satumban 1995, a West Point ta jihar Virginia, wani Beechcraft Queen Air mai injin fistan biyu ya rasa inji ɗaya jim kaɗan bayan tashi, ga kaya ya yi yawa, ga nauyin ya koma baya, ya faɗa kan wani gida. Duk mutum 11 da ke ciki sun mutu, har da wani bawan Allah da ke gidansa. A ranar 5 ga Yulin 2014, a Topolów ta ƙasar Poland, Piper Navajo ɗauke da mutum 12 ya samu matsalar inji ɗaya bayan tashi, mutum ɗaya ne kaɗai ya tsira. A Oktoban 2021, a Menzelinsk ta Rasha, jirgi samfurin L-410 ya rasa injin hagu yana kimanin mita 70 sama da ƙasa, 16 daga cikin 22 suka mutu. Ƙasashe daban, shekaru daban, amma duk a mintin farko ne, kuma duk jiragen inji biyu gare su.

Mai inji ɗaya in nasa ya mutu a wannan wuri, matuƙi ba shi da zaɓi mai rikitarwa. Zai sunkuyar da hanci ya nufi abin da ke gabansa, gona ko fili ko ma daji. Jirgin ba ya murɗewa gefe. Kuma tsohuwar ƙa'idar ta tilasta wa masu inji ɗaya su iya tafiya a hankali, kada gudun da fiffikensu ke sakin iska, wato ya daina riƙe jirgi a sama, ya wuce kimanin kilomita 113 a awa. Cessna 182 ma yana yin ƙasa da haka sosai. Karo a wannan gudu, jirgi na miƙe, mutane da yawa suna fita da rai. Karo a kife, hanci a ƙasa, da wuya.

Sai batun ƙofa da jela. Yawancin ƙananan masu inji biyu fiffikensu a ƙasa yake, injunan na zaune a kansa, a wasu ma ta kan fiffiken ake shiga. Mai dirowa yana buƙatar ƙofa mai faɗi, nesa da farfela, da sarari a bayansa don kada iska ta maka shi da jela. Inda ƙofar take can baya kuwa, sai kowa ya taru a bayan jirgi a daidai lokacin da matuƙi ya rage gudu, ya kuma sassauta injin da ke gefen ƙofa don kada iskar farfela ta kwashe masu fita. Nauyi a baya, gudu kaɗan, ƙarfi ba daidai ba a ɓangarorin biyu: waɗannan ukun su ne suke sa jirgi ya saki iska ya shiga wulwulawa.

Labarin wani jirgi mai inji biyu samfurin King Air ya isa a tsaya a kansa. A Yulin 2016, a Byron ta Kalifoniya, yana gab da sakin masu lema sai ya saki iska ya wulwula, nauyi ya koma baya fiye da kima. Masu lemar sun samu sun fice, amma wani sashe na jelarsa ya ɓalle a sama, matuƙin ya sauko da shi da ƙyar. Aka yi masa gyara aka mayar da shi aiki, ba a kula da cewa fiffikensa na hagu ya murɗe ba. A ranar 21 ga Yunin 2019, a filin Dillingham da ke tsibirin Oahu a Hawaii, wannan jirgin ya tashi da mutum 11, matuƙin ya finciko shi sama da ƙarfi yana karkatawa, ya mirgina ya faɗi a cikin filin. Babu wanda ya fita. Injunansa biyu suna aiki. NTSB ta ɗora laifin a kan salon tashin matuƙin, da ƙarancin horonsa, da rashin gyara fiffiken, da kuma raunin sa idon hukuma. King Air yana da farin jini a wasu filayen saboda saurin hawansa, amma shi ma don jigilar manyan mutane aka ƙera shi, kuma tsofaffin hannu a wasan sun san ba ya yafe kuskure a lokacin fita.

Na san za a ce mini ai gyara da horo ne matsalar, ba yawan inji ba. Da gaskiyarsu, amma gyara da horo kuɗi ne, kuma a nan ne arahar tsohon jirgin take cin mai shi. Ya yi araha a kasuwa ne domin riƙe shi tsada gare shi. Inji biyu, farfela biyu, tayoyi masu naɗewa, shan mai ninki biyu, inshora mai nauyi. Injin fistan mai sanyaya kansa da iska kuma ba ya son wannan aiki na ya yi zafi wajen hawa, sannan a rage masa wuta a sauko da shi cikin iska mai sanyi. Makanikai sun daɗe suna kokawa da tsagewar silinda a jiragen da ake yi wa haka ba da lura ba. Ƙaramar ƙungiya mai ɗaukar mutum biyar a sawu, wadda da ƙyar take mayar da kuɗin mai, idan lokacin kwance inji don yi masa cikakken gyara ya yi za ta ce a ƙara haƙuri, ai yana tashi lafiya. A 2008 NTSB ta fitar da rahoto na musamman kan jiragen masu lema, inda ta ƙirga haɗurra 32 da suka ci rayuka 172 tun daga 1980. Abubuwa uku ta ga suna maimaituwa: sakaci da gyara, gazawar matuƙa a abubuwan farko kamar lissafin nauyi da abin yi idan inji ya mutu, da ƙarancin bincike daga hukuma. Abin da ya zaburar da rahoton har da haɗarin Sullivan a jihar Missouri, a Yulin 2006, inda Twin Otter ya rasa injin dama bayan tashi, matuƙin ya kasa riƙe gudu, mutum 6 daga cikin 8 suka mutu.

A ƙara da cewa tuƙa masu lema aiki ne da sau da yawa matasan matuƙa suke fara shi don tara awanni kafin su samu shiga kamfanin jiragen fasinja. Ba laifi ba ne, kowa da inda yake farawa. Amma a ɗora wa yaro mai ƙarancin gogewa jirgin da ke neman hukunci huɗu daidai a cikin daƙiƙa biyar, rashin adalci ne gare shi da waɗanda ke bayansa.

Ba ina cewa duk mai inji biyu abin gudu ba ne. Twin Otter, wanda Kanada ta fara tashinsa a 1965, har yau shi ne abin alfaharin manyan filaye, shi ake gani a hotunan masu dirowa a saman tsibirin dabino na Dubai. Fiffikensa a sama yake, tayoyinsa ba sa naɗewa, ƙofarsa ƙatuwa, yana iya tafiya a hankali, yana ɗaukar mutum 20 da 'yan kai, injunansa kuma na tabayin ne, ba na fistan ba, samfurin PT6 masu shan man jirgi dangin kananzir. Skyvan na Belfast ta bayansa ake fita, babu jelar da za a yi karo da ita. Islander na Birtaniya, duk da injin fistan gare shi, fiffikensa a sama yake kuma don gajerun filaye aka yi shi, ya daɗe yana yi wa ƙungiyoyin can aiki. Waɗannan jirage ne na kaya da ƙauye, sun dace ne saboda siffarsu da rarar ƙarfinsu. Ko su ɗin, Perris da Sullivan sun nuna cewa sai da matuƙin da ake maimaita masa atisayen mutuwar inji a kai a kai.

Masu inji ɗaya ma suna kisa, ba zan ɓoye ba. A Umeå ta Sweden mutum 9 sun mutu a Yulin 2019, a Örebro wasu 9 a Yulin 2021. Sai dai a duka biyun ba mutuwar inji ce sanadi ba, jirgi ne ya kuɓuce wa matuƙi, kuma rashin daidaiton nauyi na cikin abin da masu bincike suka nuna. Da an ƙara musu inji na biyu ba abin da zai canza. Ita kanta sana'ar ta riga ta yanke hukunci da aljihunta. Ƙananan filaye Cessna 182 da 206 suke riƙewa, in sun bunƙasa su koma Cessna Caravan ko PAC 750XL na New Zealand, wanda tun a zanensa an yi la'akari da masu lema, dukkansu inji ɗaya. In sun ƙara girma su tsallaka zuwa Twin Otter. Matakin da ake tsallakewa a tsakiya shi ne na ƙaramin mai fistan biyu, kuma mutanen da suka shekara hamsin suna wannan aiki ba su tsallake shi a banza ba.

A wajenmu dirowa da lema an fi saninta da sojoji, waɗanda ake horarwa a Jaji suna fita daga manyan jirage irin C-130. Amma duk ranar da wani mai kuɗi ya yi sha'awar buɗe filin wasan a arewacin Najeriya ko Nijar, tsohon jirgi mai araha ne dillalai za su fara nuna masa, kuma duk abin da na faɗa a sama zai ninka. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun cikakken ƙarfi, fiffike ma haka. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40, filin jirgin Jos kuma yana sama da mita 1,200 daga teku. 'Yar rarar nan ta ƙarfin doki 30 da muka lissafa, a irin wannan rana babu ita. Man injin fistan ma wahalar samu gare shi a ƙasashenmu, ba kamar na tabayin da ake samu a kowane babban fili ba, kuma inda mai ya yi wuya nan ake fara ajiye shi a duro ya daɗe, ko a yi tunanin zuba na mota.

Abin da nake so hukumomi su yi, a can da nan, bai da yawa. Kafin a ba kowane mai inji biyu izinin ɗaukar masu lema da kuɗi, a nemi mai shi ya nuna a takarda cewa jirgin yana hawa da inji ɗaya a cike, a zafin wurin da tsayinsa, da ƙofar a yadda za a tashi da ita. A nemi lissafin nauyi na lokacin da kowa ya taru a bakin ƙofa, ba na lokacin da suke zaune kaɗai ba. A wajabta kwance inji a wa'adin da kamfanin da ya ƙera shi ya ba da, domin a Amurka dokar da waɗannan jirage suke aiki a ƙarƙashinta ba ta tilasta hakan ba, kuma NTSB ta daɗe tana neman a gyara. A kuma gwada matuƙi a kan wannan samfurin jirgin duk shekara. Twin Otter mai lafiya zai ci wannan jarrabawa. Yawancin Aztec da Seneca da 310 da ke jiran mai saye za su faɗi tun a sharaɗin farko.